Sandunan Kawu Labbo a Lambun Albasa

Kafin Kawu Labbo ya sauka Gummi da kwana uku, mijina ya ba ni wa'adi: in albasar bana ba ta yi ba, zai koma ramin zinari. A bakin murhu ya faɗa mini, yana tsaye, kamar mai ba da labarin kasuwa. Tuwon ranar dai ya sha tuƙi.

Muntari ke nan, uban 'yata Basira. Mutumin kirki ne, ban taɓa ƙin faɗa ba, gajen haƙuri ne kawai ya yi masa katutu. A Dareta muka fara zama, lokacin da ake daka dutsen zinari a tsakar gida. Shekarar da gubar dalmar da ke cikin ƙurar dutsen ta kwashe yara, ta haɗa da ɗanmu na fari, bai ko cika shekara biyu ba. Muntari ya rantse ya bar rami, muka tattaro muka dawo Gummi. Tun daga nan ya yi acaba ya bari, ya sayar da fetur a kwalba ya bari, ya koyi gyaran waya wata uku ya ce mai koyarwar ɗan rainin hankali ne. Mun daɗe kafin Allah ya ba mu Basira. Shekararta biyar yanzu, kuma duk ran da na ji kalmar rami sai in jawo ta kusa da ni.

Lambun da ya gada a fadama shi ne abu na ƙarshe. Ya sayi injin ban ruwa, ya ja fangali talatin da wani abu, ya dasa albasa. Sai dai ruwa ya ƙi ba shi haɗin kai. Fangalin da ke kusa da inji kullum a jiƙe sharkaf har albasar tana ruɓewa, na can ƙarshe kuwa a bushe ƙayau. Manoman gefe sun yi masa magana, ya ce ya sani. Maganinsa guda ɗaya ne, ya ƙara wa inji wuta. Da abin ya ƙi, sai ya ce ƙasar ce ba ta da albarka.

Kawu Labbo ƙanen Innata ne. A Gwashi aka haife shi, yana kiwo, ya gudu Kaduna tun gemu bai fito masa ba. Can ya faɗa wani kulob yana ɗaukar wa manya jakar sandunan golf, wasan nan da ake buga 'yar farar ƙwallo da sandar ƙarfe a bi ta har sai ta faɗa ɗan rami. Daga ɗaukar jaka ya koma bugawa, daga bugawa ya koma cin kofi, har hotonsa ya fito a jarida. Inna ba ta taɓa ganin abin burgewa a ciki ba. Takan ce ƙanenta ya bar kiwon shanu ya tafi kiwon ƙwai. Yanzu ya haura sittin, ya zo gaishe ta, ya ce zai yi mana wata guda. Kayansa ƙaramar jaka ce, sai wata doguwa da bai yarda kowa ya ɗaukar masa ba.

Na same shi a zaure bayan la'asar na zayyana masa komai. Na ce shi babba ne, ya ga duniya, Muntari na jin kunyarsa, ya zaunar da shi ya ja masa kunne.

Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, "Zubaida, ni ban iya wa'azi ba. Mi za ni ce mai? Ya hi ni sanin inda kabarin ɗanai yake."

"To Kawu, sai mu zuba ido?"

"Ke dai tambayam min shi, ko lambun nashi akwai wurin da ƙasa tat taushe. Ina son inda za ni buga ƙwallona da sahe."

Wallahi raina ya ɓaci. Ni ina maganar rayuwar 'yata, shi yana maganar ƙwallo. Na tashi na shige ciki, a zuciyata ina cewa ashe Inna ta yi gaskiya.

Washegari ya bi Muntari fadama bayan asuba. Da na kai musu fura da hantsi, na tarar da tsohon a cikin babbar hanyar ruwan da ta ratsa lambun, wadda rana ta gasa ta yi tauri. Ya haƙa ɗan rami a can ƙarshe, bai fi bakin kofi ba, ya kafa kara da jan ƙyalle. Sai ya dawo baya kamar taku goma sha biyar, ya ajiye ƙwallo, ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya yana kallon ƙasa. Ya miƙe ya zagaya ɗaya gefen ya sake tsugunawa. Wani lokaci har ya kwanta rubda ciki, kunci a ƙasa, dattijo guda da furfurarsa. Sannan ya ɗan taɓa ƙwallon da sanda, ta gangara. Ya ɗauko ta ya sake. Na tsaya har furar ta tsinke, abin nan ɗaya yake ta yi.

A garin da ba a san zinari ba, da an ce tsohon ya samu taɓin hankali, a yi masa addu'a a wuce. Mu kuwa a ƙasarmu, mutum ba ya duƙa wa ƙasa haka a banza. Baƙo daga birni, da sandunan ƙarfe masu ƙyalli a cikin jaka, yana auna taku, yana kafa jan ƙyalle? Kafin kwana uku labari ya kai tasha cewa surukin Muntari ya zo da na'urar gano zinari. Kwana na huɗu aka ce jijiyar ta bi ta ƙarƙashin albasar. Wata maƙwabciyata ta zo har gida ta yi mini barka.

Da farko dariya na yi. Dariyar ta tsaya da na ga idon mijina. Na san wannan ƙyallin, na zauna da shi shekara uku a Dareta. Ya dawo gida bai ci abinci ba, yana ta kai da kawo.

"Ke, halan Kawu bai gaya miki komi ba?"

"Baban Basira, wasa na. Wasan da yaka yi tun ba a haihe ni ba."

"Wasa? Mutum shi kwanta bisa ƙasa kwana huɗu don wasa? Makau ya ce irin wagga sanda ya taɓa gani hannun wasu baƙi."

Makau abokinsa ne tun na rami. Bai taɓa yi mini laifi ba, amma na tsani ƙarar babur ɗinsa.

Safiya ta biyar ban jira hantsi ba, na bar Basira wurin Inna na bi su. Na tarar da mutum ya fi ashirin a bakin lambun, da diga da shebur, Makau a gaba. Wasu har sun tattake fangali biyu. Kawu Labbo na tsakiyar hanyar ruwa yana tsugune abinsa, kamar ba shi aka zo wa ba.

Makau ya ce, "Baba, arziki in ya zo na kowa na. A gwada muna inda za mu sa diga."

Kawu ya ɗago. "Babu zinari nan, ɗana. Wasa nika yi."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce haka masu na'ura kan ce. Kawu bai yi musu ba, ya miƙa wa Makau sandar. Makau ya juya ta, ya nemi wurin batir, ya kara a kunne, ya ƙwanƙwasa. Kawu ya ce to tunda ta zo hannunsa, ya gwada saka ƙwallon a rami. Makau ya zabga mata duka ta tashi ta faɗa gonar wani. Mutum shida suka gwada, babu wanda ya ko kusanta. Sai Kawu ya ce a ba mai lambu.

Muntari ya karɓa yana jin kunya, ya riƙe ta kamar muciya, ya buga ba tare da ya duba ba. Ƙwallon ta yi tsalle, ta bugi wani ɗan dutse, ta karkata, ta gangara, ta faɗa rami. Wurin ya kaure da ihu. Makau ya ɗaga hannun mijina sama yana cewa, "Kun gani? Hannun sa'a! Wanga hannu za a bari cikin albasa?" Muntari na ta washe baki. Ni kuwa ji na yi kamar in zauna a ƙasa in yi kuka, don na ga wasan Kawu ya ƙarasa kashe ni.

Kawu ya je ya ciro ƙwallon ya mayar inda take. Ya ce, "Madalla. Sake."

Ya sake, ta wuce. Ya sake, ta tsaya a rabi. Sau goma sha biyu na ƙirga, ko ɗaya ba ta shiga ba, kuma yawancinsu hagu suke zamewa. Gumi ya keto masa. Kawu ya karɓi sandarsa ya zube ƙwallo goma a ƙasa. Bai yi sauri ba. Kowacce sai ya gyara tsayuwa, ya dubi rami, ya dubi ƙwallo, ya ja numfashi, ya taɓa. Ta farko ta shiga. Ta biyu ta shiga. Daga ta biyar ba mai ko tari. Guda ɗaya ce ta leƙa bakin ramin ta tsaya, ya yi mata tsaki ya ci gaba.

Muntari ne ya fara magana, murya ƙasa ƙasa. "Kawu, na ga ba ramin kaka nuhi ba. Wajen dama kaka bugawa, ita ka lanƙwasowa."

A karo na farko tsohon ya yi murmushi. Ya kama hannunsa ya kai shi tsakiyar hanyar, ya ce ya tsuguna. Ya ce ya ƙara ƙasa. Mijina ya kwanta rubda ciki a gaban abokansa.

Kawu ya ce, "Ka ga nan? Tudu na, bai wuce yatsa ukku ba. Ga hagu kuma ƙasa ta zauna. Kwana biyar ina tura mata ƙwallo, ba ta taɓa canza magana ba. Duk abin da kat turo ta nan, hagu za shi."

Muntari ya daɗe a kwance. Makau ya gaji, ya ɗaga diga zai sara daidai wurin jan ƙyallen. Sai na ji mijina ya ce, "Dakata." Ya tashi ya je ya tayar da inji, amma bai murɗa shi ba, ya bar ruwan na zuwa a hankali. Muka tsaya muna kallo. Ruwan ya taho har wurin tudun, ya tsaya, ya taru, ya sulale hagu ya malale cikin fangalin da suka riga suka ruɓe. Hanyar da ƙwallon ke bi, ita ya bi. Wata biyu mijina na zagin ƙasar ubansa saboda tudun da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Su Makau ba su yarda ba. Kawu ya ce a bar su su haƙa a kusurwar da ba shuka, in ba haka ba, za su dawo bayan ido. Suka haƙa har ƙugu, suka sami yumɓu da ruwa, azahar ta yi suka watse suna gunaguni.

Kada a ɗauka daga ranar mijina ya zama wani mutum. Da yamma ya ɗauki fartanya ya far wa tudun da haushi, ya kwashe shi har ya bar kwari. Da safe ruwa ya zo ya kwanta a kwarin ya ƙi gaba. Ya yi jifa da fartanyar ta faɗa cikin albasa. Ina zaune a gindin bishiya da ƙwaryar fura, ina jin su.

Kawu ya ce, "Ɗauko ta. Saran jiya ya wuce, ba ka da iko da shi. Wanda ag gabanka shi an naka."

"Kawu, kai Allah ya ba baiwa. Ni komi nit taɓa sai shi lalace."

"Baiwa?" Tsohon ya yi dariya har da tari. "Shekara talatin, kullum bayan asuba ƙwallo ɗari ukku nika bugawa. Ran da nic ci kohi na hwarko, wanshekare ɗari ukku nib buga. An yi shekarar da nir rasa kohi don bugun da bai kai kamu guda ba, ga mutane cike, hannuna yana rawa. Na koma ɗaki na yi kuka awa yaro. Wata shidda ban buga mai nisa ba, sai wanga ɗan gajere, shi kaɗai, har hannun yad daina gardama. Mutane na yi ma bugun nesa tahi, amma ga gajeren aka cin kohi. Kai kullum na nesan kaka nema."

Muntari ya miƙe. Ya je ya ɗauko fartanyar.

Haka suka yi sati uku. Muntari ya kankare ƙasa kaɗan da bayan fartanya, ya daddaɓe, Kawu ya gangara ƙwallo. In ta zame, a sake. Daga babbar hanya suka koma ƙanana, fangali bayan fangali, manjagara na bi. Aiki ne mai gundura, ni mai kallo ma ya gundure ni. Sau biyu mijina ya ce ya gaji, sau biyu Kawu ya ce to a yi guda ɗaya a tashi, gudan nan kuma ya zama biyar. Ranar da Muntari ya so ya bar wata kusurwa mai tsakuwa, ya ce ai nan ba ta gyaruwa, Kawu ya ce a wasansu ba a ɗaukar ƙwallo a kai ta wuri mai daɗi, inda ta faɗi nan ake buga ta. A sati na uku na lura ba a cika ɗauko ƙwallon ba. Muntari kan tsuguna ya kanne ido, ya ce nan da tudu, Kawu ya gwada, a tarar haka ne.

Na je na ba Kawu haƙuri a kan fushin da na yi. Ya ce wane fushi, shi dai ya san furata ta yi tsami kwana biyu. Da watansa ya cika ya ɗauki doguwar jakarsa ya hau mota. Inna ta ce Allah ya kiyaye, a gai da ƙwai.

Albasar ba ta yi ba. Gara in faɗi gaskiya. Gyaran ya zo a makare, na kusa da inji sun riga sun ruɓe, na ƙarshe sun farfaɗo amma 'ya'yan ƙanana. Abin da aka cire bai kai rabin na maƙwabta ba. Ranar da aka gama ɗaure buhuna ban iya cin abinci ba, don wa'adi ya cika kuma mijina ba ya mantuwa.

Kwana biyu bayan nan na ji ƙarar babur ɗin Makau a ƙofar gida. Muntari na fadama. Na ce masa ba ya nan, ya ce ya sani, can za shi, an buɗe sabon rami ta wajen Bukkuyum kuma ana ta samu. Na sa hijabi na bi bayansa da ƙafa, ban ma san abin da zan ce ba in na isa. Na tsaya bayan shingen kara.

Muntari na tsugune a kan sabon fangali, ya watsa irin tumatir, ruwa na bin hanya siriri har ƙarshe. Makau ya yi magana mai tsawo. Ya kawo sunayen waɗanda suka sayi babur, da wanda ya yi rufin kwano. Ya tuna masa cewa da bakinsa ya ce in albasa ba ta yi ba zai dawo.

Mijina ya ce, "Na ce. Ba ta yi ba kuwa."

"To tashi mu tahi."

"Makau, shekara nawa muna rami, ran da munka samu ban san dalili ba, ran da munka rasa ban san dalili ba. Wagga albasa na san inda nik kuskure. Wuri ukku na. Ina son in ga abin da za ta yi in ban kuskure ba."

"Sai baɗi ke nan hwa!"

"Sai baɗi. Matsa min, ka taka hanyar ruwa."

Na juyo gida da sauri don kada ya gan ni, ina tafe ina share ido da gefen hijabi. Daɗi na ji, irin wanda na manta yadda yake.

Da la'asar ya shigo, riga da wando duk ƙasa. Basira ta yar da 'yar tsanarta ta ruga. Tun da ta fara tafiya ban taɓa barin ta taɓa ubanta da kayan aiki a jikinsa ba, ko daga ina ya dawo, sai ya tuɓe ya yi wanka, don tsoron ƙurar dalma. Shi ma ya saba, yakan ja baya ya ɗaga hannuwa sama. Na yunƙura zan fizge ta, shi ma ya ja baya, sai muka haɗa ido. Na dubi rigar. Laka ce ta fadama da ɗan ganyen albasa. Na koma na zauna a kan kujerata, ya sunkuya ya ɗauke ta, ta goga fuskarta a kafaɗarsa har kumatunta ya yi baƙi.